Zuwa ga ƙawata, kan saƙar da ta ƙi miƙewa

Assalamu alaikum ƙawata,

Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya aiki, ya kuma kewar juna? Mu ma lafiya lau muke, alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso, har da hoton abin da kika ce mayafi kika nufa. Ki gafarce ni, sai da na dara. Ya fara da faɗinsa gwanin sha'awa, yana tafiya yana tsukewa, har ya ƙare da tsini kamar wutsiyar ɓera. Kin ce hannunki ba na saƙa ba ne, za ki kyautar da zaren da kwarashin ki huta. Dakata tukuna. Na ƙura wa hoton ido sosai, kuma ban ga laifin hannu a ciki ba. Abin da na gani rashin ƙirga ne, sai zaren da bai dace da mai koyo ba.

A saƙar kwarashi, idon ƙarshe na kowane layi (ido shi ne kowace saƙa guda da ƙugiyar kwarashi ta yi) yana lafewa a gefe, jikin sarƙar da aka yi juyi da ita, sai mutum ya ɗauka layin ya ƙare alhali da saura ɗaya. Ki tsallake shi a wannan layi, ki tsallake a na gaba, kafin layi goma kin yi asarar ido goma ba ki sani ba. Maganinsa ba wuya, sai dai gundura: in da ido 20 kika fara, kowane layi ki ƙirga ki ga 20 kafin ki juya. Ki samo guntun zare mai wani launi daban, ko ƙaramin fil, ki saƙala a idon farko da na ƙarshe. Idan kin dawo kansu za su nuna miki kansu. Waɗanda suka shekara ashirin suna saƙa ma suna ƙirgawa, a zuci kawai suke yi shi ya sa ba kya ji.

Sai zaren. Wa ya ba ki shawarar baƙi, kuma mai gashi-gashi? Baƙin zare yana haɗiye idanun saƙa, ko da rana tsaka sai an ƙanƙance ido, mai gashin kuma in aka zo warwarewa sai ya cukurkuɗe ya ƙi fita. Ki ajiye shi zuwa gaba. Ki nemi mai haske, mai santsi, matsakaicin kauri. A jikin takardar da ake naɗe dunƙulen da ita sau da yawa akwai lambar kauri daga 0 zuwa 7. Lamba 4 ce ta mai koyo, da kwarashi mai milimita 5. Kwarashi ɗaya ya ishe ki yanzu. Waɗannan jakunkuna masu kwarashi goma sha biyu da ake tallatawa, rabinsu tsatsa ko ɓata za su yi kafin ki taɓa su.

Kuma don Allah ki daina yar da takardar nan. A jikinta ake rubuta nauyin dunƙulen, giram 50 ko 100 galibi, da tsawonsa a mita, da yadda ake wanke shi, da lambar rini. Lambar rinin ita ce mutane suka fi rainawa. Dunƙule biyu masu launi ɗaya da suna ɗaya, in ba a tukunya ɗaya aka rina su ba, sukan ɗan saɓa. A hannu ba za ki lura ba, sai kin gama saƙa kin shimfiɗa a haske ki ga layi ya ratsa tsakiya. Don haka in babban aiki ne, a sayi zaren gaba ɗaya mai lamba ɗaya, har da rarar dunƙule.

Ciwon hannun da kika ambata shi ya fi damuna. Kin ce kwarashin ba ya shiga sai kin tura da ƙarfi. Kina tsuke zaren ne a wuyan ƙugiyar, wurin da ƙarfen ya sirance. Girman ido ba a nan ake auna shi ba, a gangar jikin kwarashin ne, inda kaurinsa ya daidaita. Duk zargen da kika jawo, ki ɗan tura shi baya ya hau gangar jikin kafin ki ci gaba. Da zarar kin saba da haka, kwarashin zai riƙa shiga da kansa, yatsunki su huta. Sarƙar farko kuwa, wadda ake ɗora layin farko a kanta, kusan kowa yana tsuke ta, shi ya sa gindin saƙa yake lanƙwasa. In kin samu aron kwarashin da ya ɗara naki girma, ki yi ta da shi, sannan ki koma naki. In kika ji yatsa yana tsiko ko ya yi sanyi, ki ajiye aikin ki miƙe. Babu mayafin da ya kai jijiya daraja.

Kin tambaya ko ki koma saƙar tsinke biyu, wai ko ta fi sauƙi. A ganina, a'a, ba yanzu ba. Da kwarashi zarge ɗaya tal kike riƙe da shi. Ko ya suɓuce, ki zura ƙugiya ki kamo shi, shi ke nan. A tsinke biyu duk idanun layin a buɗe suke, talatin ko ɗari, suna jere a kan tsinke. Ɗaya ya zame ba ki gani ba, sai ya yi ta warwarewa yana gangara ƙasa layi bayan layi. Abin dariyar ma, da kwarashi ake ceto shi, a hau da shi ido-ido har ya koma mazauninsa. Ba ina hana ki ba ne har abada. Saƙar tsinke ta fi laushi da miƙewa, ta fi dacewa da safa da rigar sanyi, ba ta kuma cin zare kamar kwarashi. Ranar da kika fara ta, in kika ga gefen yana naɗewa, kada ki zargi kanki: saƙar da ke da fuska mai santsi da baya mai gurje haka halinta yake a hannun kowa, sai an yi mata baki da wata irin saƙar da ke kwanciya.

Bari in faɗa miki abin da ya ƙara mini son kwarashi. Tun 1589 wani Bature a Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa, mai yin irin saƙar tsinke, kuma kusan duk suwaitar da ke kasuwa yau inji ne ya yi ta. Saƙar kwarashi kuwa, wadda ta zo daga baya, a ƙarni na 19 ta yaɗu a Turai, har yanzu inji bai iya yin ta yadda hannu yake yi ba, sai dai kwaikwayo. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ayilan daga 1845, mata da yawa da leshin kwarashi suka ciyar da gidajensu. Na kan tuna wannan idan na ga an taya kayan saƙar hannu da wulaƙanci.

Irin zaren ma sai kin kula. Na roba, wanda ake kira akirilik, shi ne abokin koyo: yana jure wanki, yana jure warwara. Amma daga man fetur ake yin sa, zafi yana narkar da shi, don haka kada dutsen guga ya taɓa shi, kada kuma ki saƙa abin sauke tukunya da shi. Wannan aikin auduga ne. Auduga kuwa ba ta miƙewa, tana gajiyar da hannu, ki bari sai riƙonki ya saki. Ulu na gaske, na gashin tumaki, shi ne mai ɗumi, shi ne kuma mai fushi: ruwan zafi da cuɗa suna sa gashinsa ya kama juna, rigar babba ta koma ta yaro, kuma ba ta dawowa. Ruwan sanyi, matsa a hankali, a shanya a kwance.

Bargon jaririn da kike son yi wa ƙanwarki, ƙawata, ba a fafe gora ranar tafiya. Watan haihuwar ya kusa, ke kuma layinki bai miƙe ba. Ni ban ma yarda da masu cewa a fara da mayafi ba. Dogo ne, abu ɗaya ake ta maimaitawa, mutum ya gaji kafin ya ga ƙarshe. Ki yi ƙaramin murabba'i, faɗin tafin hannu, ki yi wani, ki yi wani, har gefensu ya tsaya sak. Daga nan hular jariri, wadda za ki iya gamawa a 'yan kwanaki. Kafin hular, ki saƙa gwaji na santimita 10 tsawo da faɗi, ki ƙirga idanun da suka shiga, ki gwada da abin da tsarin saƙar, wato rubutaccen bayanin yadda ake yin hular, ya ce. In naki sun fi yawa, riƙonki ya yi tsauri, ki ƙara girman kwarashi. In sun gaza, ki rage. Kowa yana ƙyashin yin gwajin nan, shi ya sa huluna da yawa ba sa shiga kan masu su. Ki kuma duba ko tsarin na Amurka ne ko na Ingila, don suna guda yana nufin ido daban a wajensu, kuma ana samun wanda tsayin aikinsa ya kusa ninkawa saboda haka kawai.

Wannan mai tsinin, ki warware shi. Ki zare kwarashin, ki ja bakin zaren a hankali kina naɗewa. Zai fito a murɗe. In ya dame ki, ki naɗe shi sako-sako, ki jiƙa, ki rataye ya bushe. Zaren bai lalace ba, zai jira ki.

Idan maƙwabta suka fara ganin aikinki za su ce ki riƙa sayarwa, wasu ma su kawo oda. Ki ce musu tukuna. Don ki huta kika ɗauki kwarashi, kuma da an sa miki ranar karɓa, hutun ya tafi.

Ki turo mini hoton murabba'in farko, gaba da baya, ki ɗauka kusa yadda zan ga gefunan biyu, tare da takardar sabon zaren. Ki gaishe mini da maigida, ki shafa mini kan yara.

Wassalam,
Taki har kullum,
Ƙawarki