Baƙin da ke kan rufi ba datti ba ne, gansakuka ce

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya ci min kuɗi a banza, ko wani zai tsira.

Shekara biyu da suka wuce na lura wasu baƙaƙen layuka suna gangarowa daga saman rufin gidana kamar an zubo baƙin mai, ni duk a zatona hayaƙi ne da ƙura suka taru, sai na kira wani yaro mai injin wankin mota ya hau ya sakar masa ruwa da ƙarfi. Ranar kam rufi ya yi fes har ina ta murna. Da na leƙa indararo sai na tarar ya cika da wani abu kamar yashi, ashe 'yan tsakuwoyin da ake yayyafa wa rufin kwalta ne don su kare shi daga rana, injin ya kankare su tas. Kuma fa damina ɗaya aka yi baƙin ya dawo abinsa.

Sai daga baya na gane abin nan rai gare shi. Masana suna ce masa Gloeocapsa magma, a wurinsu ma dangin bakteriya ne, mu dai gansakuka muka sani. Iska ce ke yawo da ita daga wannan rufi zuwa wancan, shi ya sa in ta kama gida ɗaya a layi za ka ga maƙwabta ma sun fara. Tana son inuwa da danshi, ka duba da kyau za ka ga ɓangaren da rana ba ta cika dukansa ba ko wanda bishiya ta rufe shi ya fi baƙi. Abincinta kuwa yana cikin rufin, wato garin farar ƙasa da kamfanoni ke haɗawa da kwalta. Shi kansa baƙin wata riga ce da take yi wa kanta don kar rana ta ƙone ta.

Gaskiya ba ita ke huda rufi kai tsaye ba, kar wani ya tsorata ka ya ce sai an sake rufi gaba ɗaya. Amma baƙin rufi ya fi shan zafi, ɗaki ya ƙara ɗumi, ga danshi da take riƙewa, kuma wannan danshin shi ke gayyato koriyar gansakuka mai kauri wadda ita ce muguwar, tana kutsawa ƙarƙashin bakin rufin ta ɗaga shi ruwa ya samu hanya, katako ya fara ruɓewa kai ba ka sani ba sai ranar da ka ga tabo a silin. In kwano ne kuma danshin da ya kwanta a wuri ɗaya tsatsa yake kawowa.

To maganin ba wani tsada gare shi ba, bilic ne na wanki da ruwa rabi da rabi, wanda ita kanta ƙungiyar masu ƙera rufin kwalta ta Amurka ta ba da shawara a kai. A zuba a abin feshi a fesa, a bar shi minti 15 zuwa 20 sannan a ɗauraye da tiyo a hankali daga sama zuwa ƙasa, ban da gurzawa da buroshi mai ƙarfi. A zaɓi ranar da akwai gajimare saboda in rana ta take zai bushe kafin ya yi aiki. Shuke-shuken da ke ƙasa a jiƙa su sosai kafin a fara da bayan an gama in ba haka ba za su ƙone, nawa biyu sun tafi. Kar a kuskura a haɗa bilic da wani sinadarin wanki musamman mai amoniya, hayaƙin guba yake fitarwa. Mai tara ruwan sama kuma ya cire bututun tankinsa tukuna. Sannan jiƙaƙƙen rufi santsi gare shi ba kaɗan ba, wanda bai saba hawa ba don Allah ya nemo wanda ya iya, a sa safar hannu da tabarau.

Abin da ya fi burge ni shi ne rigakafin. Ana kafa siririn falle na jan ƙarfe ko tutiya a can ƙololuwar rufi, duk sanda aka yi ruwa sai ya wanko ɗan sinadarin ƙarfen ya gangaro da shi, gansakuka ba ta iya rayuwa a hanyarsa. Akwai ma rufin da tun daga kamfani aka cakuɗa tsakuwarsa da jan ƙarfe, mai sabon gini ya tambaya. Ni dai na sare rassan da ke yi wa nawa inuwa, ina kwashe ganye daga indararo, fallen ne har yanzu ina jiran kafinta ya zo ya kafa min.

Na gode Edita.

Daga wani mai karanta jaridarku