Godiya ga garejin da ya ƙi ƙara mini gas

Zuwa ga Baba, maigidan garejin gyaran kilim (na'urar sanyaya cikin mota) na bakin hanyar fita Ƙonni a nan Tawa, da yaransa baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafi? Allah ya sa aiki na tafiya yadda ake so.

Baba, ranar da na zo ɗaukar mota na ce maka zan rubuta abin da ka yi mini mutane su karanta. Ka yi dariya, ka ce: "Mushe, kada ka sa sunana, aikin da ke gabana ma ya ishe ni." Na ji, ban sa ba. Amma duk mai bin wannan hanya ya san rumfar kwanon nan mai bishiyar dogon yaro a ƙofa, ba sai an yi masa kwatance ba.

Motata Toyota Corolla ce ta 2008, ƴar Kwatano, na saye ta a 2019. Albashin malamin lakkol kowa ya san iyakarsa, shi ya sa nake lallaɓa ta kamar ƙwai. Matsalar ta soma ne da daminar bara. Iska ta rage fita ta tagogin tablo. Sai ka ji fanka na ƙugi kamar injin niƙa, amma in ka ɗora hannu, abin da ke fitowa bai fi numfashin jariri ba. A watan Agusta na tafi Birnin Ƙonni. Mun baro Tawa da ɗan sanyi, kafin Tsarnawa iska ta ɗauke ƙaf. Na tsaya na yi salla, da na dawo na tarar da ruwa kwance a ƙarƙashin mota, ina tayar da ita iska ta dawo. Can bayan hunturu kuma lamba 1, 2 da 3 na fanka suka mutu, sai lamba 4 kaɗai ke aiki.

Wuri biyu na kai ta. Ba zan faɗi ko ina ne ba, ba don su na ɗauki alƙalami ba. A duka biyun ko cikin motar ba a shiga ba. A ɗaga kapo, a jona kwalba, a ce gas ya ƙare. Jika 10 (sefa 10,000) a na farko, jika 12 a na biyu. Abin da na samu shi ne sabon ciwo: da rana tsaka, in na tsaya a cunkoson kasuwar Lahadi, sai kwamfaresa, injin da ke matsa gas ɗin, ta riƙa kamawa tana saki, sanyin ma ya gudu. Ni ma da laifina, domin ni da bakina nake cewa a ƙara mini gas. A garin nan duk abin da ya sami kilim, ko waya ce ta tsinke, gas muke kira.

Abin da ya kawo ni wurinka Inna ce. An ba ta ranar ganin likitan ido a Yamai cikin watan Afrilu, ga ta da hawan jini. Tafiya ce ta wajen kilomita 550, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, a lokacin da zafin Adar ke wuce digiri 40 tun kafin azahar. In ka buɗe gilashi iskar waje ta gasa tsohuwa, in ka rufe ka dafa ta.

Da na iso na maimaita karatuna, na ce a duba gas. Ba ka ko kalli kwalba ba. Ka shiga kujerar fasinja, ka ɗora bayan hannunka a tagar iska, ka ce: "Mushe, tambaya biyu ce. Iskar ce ba ta fitowa, ko tana fitowa ba sanyi?" Na yi shiru. Shekara 19 ina yi wa yara tambaya a aji, ga shi an yi mini wadda ban taɓa yi wa kaina ba. Ka ce gas sanyi yake kawowa, ba ya tura iska. Mai tura iska fanka ce, kuma kafin iskar ta iso fuskar mutum sai ta ratsa matata, ta ratsa wani ƙaramin radiyato mai sanyi da ke ɓoye cikin tablo, wanda kuke kira ebaporate. Inda duk hanya ta toshe a tsakanin nan, ko tanki guda na gas aka ɗura ba za a ga canji ba. Ashe wata takwas na bar jaki ina dukan taiki.

Sai ka kira ƙaramin yaronka, wanda ba zai wuce shekara 16 ba. Ya buɗe ɗan akwatin nan na gaban fasinja inda nake ajiye takardun mota, ya matse gefensa biyu, akwatin ya sauko. Bayansa akwai wata ƴar ƙofa ta roba. Wallahi shekara biyar da ɗoriya ina tuƙa motar nan ban san da ita ba. Ya zaro matatar iska, filtur ɗin da kuke faɗi. Ka ce fara ce tas ranar da aka sa ta. Abin da ya fito ya fi kama da tubalin laka. Jar ƙurar Adar ta hunturu nawa ban sani ba, da ƙaiƙayi, da busassun ganyen dogon yaro, da fiffiken fara. Da ya buga ta a ƙasa sai da muka ja da baya muna tari. Ka ɗaga ta saitin rana ka ce in leƙa. Ko ɗigon haske bai ratso ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Yaron ya kwanta ya kwance fankar daga ƙasan tablo, sukurori uku kacal. A cikin kwandonta ɓawon gujiya ne da tsumma da ƴan takardu. Ɓera ya yi gida. Nan na tuna buhun gujiyar da ya kwana biyu a but bayan kaka. Ka ce dattin nan shi ke sa fanka rawa da ƙugi, in an bar shi har ya cinye mata ƙarfe. Yaranka sun sha dariya, ɗaya ya ce a tambayi ɓeran kuɗin haya.

Daga nan komai ya warware mini kamar zare. Lambobin da suka mutu, ka nuna mini rezistans, wani ɗan abu da ke rage wa fanka wuta don ta yi a hankali. A cikin hanyar iska ake dasa shi domin iskar ta riƙa huce shi. Da iska ta ƙaranta sai ya ƙone. Lamba 4 ba ta bi ta kansa, wuta kai tsaye take sha, shi ya sa ita kaɗai ta tsira. Ruwan hanyar Ƙonni kuwa ƙanƙara ce. Da damina iska na ɗauke da laima, in ba ta ratsa ebaporate da ƙarfi sai raɓar ta daskare a jikinsa ta toshe sauran kafofin. Ka kashe mota ta narke. Na je ina zargin aljanun hanya, ashe firiji nake tuƙawa.

Ka kuma murɗa makunnin da ke kai iska fuska, ƙafa ko gilashi, kana saurare ko ƙofofin ciki na motsi. Lafiyarsu lau, ka wuce.

Sai a ƙarshe ka taɓa gas, kuma ragewa ka yi. Ka nuna mini ƴar takardar da ke manne a ƙarƙashin kapo, an rubuta R134a da nauyin da motar ke ɗauka, bai kai rabin kilo cikakke ba. Ka ce abin da aka ɗura mini ya wuce haka nesa, shi ya sa da rana matsin ke hawa har na'urar kariya ta yanke kwamfaresa. Ka kwashe shi, ka zuƙe iska da laimar cikin bututu da injin, ka jira ka ga allura ba ta motsa ba, sannan ka zuba sabo a kan sikeli. Ka ce yawancin motocin Turai na 2017 zuwa sama wani gas ne daban, R1234yf, kuma haɗa su ɓarna ce. An wanke kondansa, mai huce gas da ke gaban radiyato, da ruwa marar ƙarfi don kada siraran haƙoransa su lanƙwashe, an zura waya a bututun da ke zubar da ruwa waje. Da ka sa ma'aunin zafi a tagar tsakiya ya sauka zuwa digiri 8, takardar da ke kan tablo kuma iska ta yi sama da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ebaporate. Na san in ka ce sai an sauke tablo duka, aikin kwana biyu da kuɗi masu nauyi, ba ni da bakin musu. Ka haska tocila ta ramin matata, ka duba, ka ce bai kai ga haka ba, matatar ta tare masa. Ka ce waɗanda ke shan wannan wahala su ne masu cire matata su jefar don iska ta ƙaru. Sati biyu suna murna, daga baya ƙura ta haɗu da raɓa ta zama taɓo a inda hannu ba ya kaiwa. Duka-duka, da sabuwar matata da rezistans da gas da ladan aiki, jika 24 na biya, ka kuma zuba tsofaffin kayan a leda ka miƙo mini. Shayin da aka ba ni sau uku ba a sa shi a lissafi ba.

Mun tafi Yamai ranar Talata bayan asuba. Na bi abin da ka ce: in mota ta sha rana a buɗe gilashi minti biyu kafin a kunna kilim, a hanyar ƙura a danna maɓallin da ke juya iskar ciki, amma a doguwar tafiya a riƙa shigo da ta waje lokaci-lokaci don kada barci ya kama direba. Inna ta yi barci tun daga Badagishiri. A Dogon Dutsi ta farka ta ce a rage, sanyi ya yi mata yawa, ta jawo mayafi. An duba idon, mun dawo lafiya. Ita ce ta ce lallai in gaishe ka, ta ce Allah ya yi maka albarka, ya raya zuri'a, ya sa yaran nan su gaje ka. Ni ma na ce amin.

Yaron da ya zaro matata, a gaya masa na koyi aikin. Jumma'ar da ta wuce na sauke akwatin da kaina, na kakkaɓe ta, na mayar kibiyar na kallon inda ya nuna mini. Ka ce a ƙurarmu kada a jira kilomita 15,000 na littafin mota, a canza ta da zarar hunturu ya wuce. Na rubuta a bangon littafin darasi don kada in manta. Kafin ruwan farko zan leƙo a sake duba bututun ruwan nan, da goron da Inna ta ba ni in kawo maka.

Naka,
wani malamin lakkol,
Tawa.