Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayen ƙungiya, malamanmu da 'yan'uwa membobi, ga bayanin abin da Allah ya ba mu ikon yi a bana.

Zaman Asabar bai yanke ba sai a watan azumi da makon Babbar Sallah. Sababbin shiga sun kammala darussan farko na Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, rukunin mata kuma ya fara Django, kayan gina shafukan intanet da Python. Wuta da kuɗin data su ne har yanzu suke ci mana tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa sai an yi karo-karon man janareta kafin a kunna kwamfuta. Lissafin kuɗi ma'aji zai kawo shi daban.

Abin da ya fi ɗaukar ƙarfinmu shi ne taron PyCon Africa, na masu aiki da Python a Afirka, da aka yi a birnin Akra na Ghana a watan Satumba, garin da aka fara wannan taro a 2019. Mun tura mutum biyu, kuma a karon farko ɗaya daga cikinmu, shugabar rukunin mata, ta hau mumbari ta yi jawabi. A da duk taron da muka je, kujerar baya muke samu mu saurara, mu tafa, mu dawo.

Jawabinta a kan haruffanmu masu lanƙwasa ne: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tun Python 3, wanda ya fito a 2008, harshen yana karɓar waɗannan haruffa ba gardama, amma karɓa daban, iya jera su daban. Ta nuna a allo yadda sorted, umarnin jera kalmomi a Python, yake jefa "ƙasa" can bayan "zuma", saboda lambar ƙ a tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ta fi ta z girma. Ta nuna yadda manhajar da ke tace rubutu zuwa ASCII, tsarin da haruffan Turanci kawai ya sani, take haɗiye harafin gaba ɗaya, "ƙasa" ta koma "asa". Wasu kuma sukan mayar da shi k, sai "baƙi" ya zama "baki". Sannan ga 'y da muke rubutawa a Najeriya, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa ƴ: mai neman "'ya'ya" ba zai ga "ƴaƴa" ba, alhali kalma ɗaya ce. Wanda ya taɓa ganin an lalata sunansa a takardar makaranta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sau huɗu ta gwada jawabin a gabanmu kafin tafiya. A gwaji na biyu ne muka ga ƙ ta fito a matsayin ɗan akwati a majigi, sai aka sauya salon rubutun allunan duka. Muna godiya ga waɗanda suka zauna har bayan Magariba suna yi mata tambayoyi masu zafi.

Da ta sauko, masu aiki da harshen Ewe da na Twi suka kewaye ta, domin su ma suna fama da ɛ da ɔ nasu. A ganina wannan hira ta bakin ƙofa ta fi komai amfani a tafiyar.

Wakilanmu biyu ta mota suka je, ta Legas, Kwatano da Lome, suka shiga Ghana ta iyakar Aflao. Fasfon ECOWAS ya wadatar, ba biza, amma sai da katin rigakafin shawara. Canjin naira zuwa sidi, kuɗin Ghana, ya ci guzurinsu ƙwarai. Sun sauka a unguwar Nima, inda da Hausa suka yi ciniki, suka karya da wake da shinkafa da mutanen can suke kira waakye.

Inda muka gaza shi ne neman tallafin tafiya, don mun makara har aka rufe. A shekara mai zuwa kwamiti zai riƙa sanar da buɗe karɓar jawabai da na tallafi a zaman Asabar. Ƙaramin kundin jera kalmomin Hausa da aka fara bayan dawowarsu yana shafin ƙungiya na GitHub, inda ake ajiye manhajoji a intanet, yana jiran masu gwaji, musamman wanda ya iya Fulfulde. Mai sha'awa ya ba da sunansa ga sakatare.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya