Wasiƙa daga Jidda game da tsoron jirgin da Inna take yi

Jidda, Saudiyya

Aminina Malam Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso, na kuma ji cewa Inna ta amince ta zo Umra amma zancen shiga jirgin sama ya hana ta sukuni. Ban ga laifinta ba. Duk mutumin Sakkwato da ya kai shekarunta yana tuna ranar 11 ga Yuli 1991, da jirgin alhazanmu ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga nan Jidda, mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ina so ka zauna ka bayyana mata abin da bincike ya gano. Wasu tayoyin jirgin ne ba su da isasshiyar iska, an kuma lura da haka tun yana ƙasa, amma gudun jinkiri ya sa aka bar shi ya tafi. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta. Saboda haka idan aka tsare ku awa uku a filin jirgin Kano ana cewa injiniyoyi suna duba wani abu, kada ka shiga sahun masu ɗaga murya, domin wannan jinkirin shi ne abin da aka rasa a wancan lokaci.

Jijjigar da jirgi yake yi a sama ita ta fi firgita sabon shiga, har ka ji salati ya kaure, alhali an ƙera fukafukan ne yadda za su lanƙwasa su jure ta. Waɗanda suke jin rauni galibi waɗanda ba su ɗaura bel ba ne, don haka ta bar nata a ɗaure muddin tana zaune. Jirgi mai inji biyu kuma yana iya sauka lafiya da ɗaya.

Ni abin da ya fi damuna kaya ne. A 1980 wuta ta tashi a ma'ajiyar kayan wani jirgin Saudia da ya bar Riyad, ya dawo ya sauka, amma ba a buɗe ƙofofi da wuri ba, mutum 301 suka halaka. Ka binciki jakarta da kanka, ka fitar da risho ko ƙaramar tukunyar gas idan wani ya cusa mata, batirin cajin waya kuma ya zauna a jakar hannu tare da magungunanta. Kada ku karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da na ɗan'uwa ne.

Tsofaffinmu sukan ƙi shan ruwa don kada su nemi bayan gida, wannan kuwa yana cutarwa a zaman kusan awa biyar. Ka samar mata kujerar bakin hanya, ta riƙa miƙewa tana motsa ƙafafu.

Ka aiko mini da ranar tashinku, zan tare ku a filin jirgi in sha Allahu. Ka gaishe mini da Inna da kyau.

Naka amini,
Abubakar