Wasiƙa zuwa ga Abba: ka je a auna jininka

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan sai godiyar Allah. Saƙonka na ƙarshen wata ya iso, Allah Ya yi albarka, Ya ƙara rufa asiri. Auta ce ke rubutawa ina faɗa mata, domin hannun daman nan har yanzu ba ya jure riƙon biro. Da gangan na ƙi kiranka a waya. Na san halinka, da na ɗauko zancen za ka ce "to Baba, in sha Allahu," ka shiga tambayar kuɗin wuta da na shinkafa har maganar ta bi ruwa.

Ka tuna zuwanka na Babbar Salla, bayan la'asar ina zaune a soro ina awon hawan jinina? Da na gama na miƙa maka na'urar na ce kai ma ka ɗaura. Ka yi murmushi ka ce ai wannan kayan tsofaffi ne, kai lafiyarka ƙalau. Ban tanka ba saboda akwai baƙi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, don kuwa ita ce ta taɓa fita daga bakina ina da shekara 50. Kai yanzu 43 gare ka.

Ban taɓa ba ka labarin ciwon kakanka, mai sunanka, yadda ya kamata ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa da ba a taɓa gani kwance ba. Wata rana da kaka yana ɗaurin dawa a gona sai ya yanke jiki ya faɗi. Aka ɗauko shi a amalanke, baki ya karkace, ɓarin jiki ba ya motsi. Mutanen gari suka ce iska ce ta buge shi. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi sadaka, kowa ya yi iya abin da ya sani, Allah Ya saka musu. Shekara biyu yana kwance ana juya shi kafin Allah Ya karɓi abinsa. A duk rayuwarsa babu wanda ya taɓa ɗaura masa abin awon jini a dantse. Sai da abin ya zo kaina na gane ciwon da ya kayar da shi.

Ni kuwa ba ni da uzurin da yake da shi. An auna ni, an samu 160 bisa 100, likita ya rubuta mini magani ya ce in sha kullum. Na sha wata huɗu, na ji garau, na ajiye. A tunanina kamar zazzaɓi ne, ka sha magani kwana uku ka warke. Hawan jini ba haka yake ba. Maganin riƙe shi yake yi, ba kashe shi ba, kana sakin magani yana komawa inda yake. Kuma mafi yawan masu shi ba sa jin komai a jikinsu. Ana cewa jiki magayi, to a wannan ciwo jiki ba ya gaya maka da wuri. Jinin yana ta matsa wa jijiyoyi shekara da shekaru, zuciya na wahalar turawa, ƙoda na lalacewa a hankali, har ranar da wata jijiya a ƙwaƙwalwa za ta toshe ko ta fashe.

Daga baya ma na ƙara da wani kuskuren. Akwai masu yawo da mota da lasifika suna tallar magani a jarka, wai yana wanke hawan jini da suga da basir a mako guda. Na saya, na sha, na ƙara samun natsuwar ƙarya.

Ranar da abin ya same ni, alwalar asuba nake yi. Na ɗauki buta da hannun dama sai ta suɓuce. Na sake ɗauka ta sake faɗuwa. Na buɗe baki in kira Hajiyarku, na ji harshena ya yi nauyi kamar an cika mini baki da tuwo. A raina na san abin da nake so in faɗa sarai, amma abin da ke fita daban. Ta fito ta gan ni, ta yi salati, ta ruga ta ɗebo ruwa za ta ba ni. Allah Ya sa maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti ne, ya shigo ya hana, ya ce mai wannan ciwo maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya, ruwan ya wuce huhu. Ya sa ni a mota ko sallar ba a idar a masallaci ba. Wannan saurin, bayan ikon Allah, shi ya sa yau nake taka ƙafata zuwa jam'i.

Ina so ka zaunar da maiɗakinka ka koya mata alamun nan: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓari guda ta saki, magana ta sarƙe. Ko ɗaya ta gani, ga kowa, asibiti kai tsaye. Kada a jira gari ya waye, kada a ce bari a ga yadda zai kwana. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Yanzu bari in gaya maka yadda nake zaune da ciwon, don ka san ba ƙarshen duniya ba ne. Ƙwayar safe na ɗaura ta da sallar asuba: ina dawowa daga masallaci, kafin in taɓa koko, na sha. Auta ta sayo mini ɗan akwatin roba mai gida bakwai, Asabar zuwa Juma'a, duk daren Juma'a muna cika shi tare. In na yi shakka ko na sha, sai in duba gidan ranar. Akwai littafi da nake rubuta awo a ciki, shi nake kai wa likita ranar ganinsa. Akwai lokacin da ƙwayar amlodipine ta kumbura mini idon sawu har takalmi ya ƙi shiga. Da a da ne, da na watsar da ita ban gaya wa kowa ba. Wannan karon na koma na faɗa, aka gyara mini magani, kumburin ya saɓe. Gashin ƙashi kuma ina zuwa saboda hannun, a gida ina matsa ƙwallon roba ina jan carbi da yatsun da suka yi rauni. Wata shida na yi kafin in iya ɓalla maɓallin rigata da kaina. Ranar da na iya, sai da na yi hawaye.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ka ci tun safe. Ɗunƙulen miya gishiri ne fal a cikinsa. Kanwa ma 'yar uwarsa ce. Ka duba yajin tsire, ka duba taliyar yara ta leda da ɗan ƙullin da ke cikinta. Makon farko miyar kuka ta zame mini kamar ruwan wanke kwano. Hajiyarku ta ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, kafin wata guda harshe ya saba, har yanzu in na ci abincin biki sai in ji gishiri ya yi mini yawa. Goro na rage, shayi mai kauri na dare na bari. Ku fara ragewa tun yanzu, gida duka, yaran su tashi da wannan harshen.

Sai maganar mahaifiyarka, wadda ba za ta taɓa faɗa maka da kanta ba. Gwiwoyinta sun matsa mata. Na tarar tana aika yaro kemis ana haɗo mata ƙwayoyi a leda, ciki har da diclofenac da ibuprofen, tana sha kusan kullum. Likita ya ce irin waɗannan in an daɗe ana sha suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Kai ka san halin da masu wankin ƙoda ke ciki, sau biyu ko uku a mako, gidaje nawa aka sayar a kan haka. Na karɓe ledar, an rubuta mata abin da ya dace da ita. Salla kuma ta daɗe tana ƙin yi a zaune, tana ganin kamar ta gaza wa Ubangijinta, sai ta yi sujada ta kasa tashi. Malam ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Tun ranar ta yarda da kujera.

Abin da nake roƙonka a kanta biyu ne. Banɗakinta na tsuguno ne, ga tayil mai santsi, ga rashin wuta da dare. A sa mata na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa ƙwai mai caji. Tsoho in ya faɗi ya karya ƙugu, da yawa ba sa sake tashi daga gadon nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, tun 2023 da aka cire tallafin mai kuɗin magani ya yi tashin da fansho ba ya kamo shi. Na san abokai a majalisarmu da suka koma shan ƙwaya yau, gobe su tsallake, don katin ya kai ƙarshen wata. Shaddar Salla da kake ɗinka mana duk shekara, bana ka bar ta, akwatinmu cike yake. Ka mayar da kuɗin maganin wata uku-uku, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Amma duk wannan ba shi ya sa na zaunar da Auta tun hantsi ba. Kai ne. Kakanka, sannan ni. Ciwon yana bin jini, kai kuma ga zaman ofis, ga zaman mota, ga tumbi ya fara fitowa. Ka shiga kowane asibiti ko babban kantin magani, minti biyar ne. Kada ka sha shayi ko ka ci goro rabin awa kafin nan. Ka zauna ka huta tukuna, ka jingina bayanka, ka ɗora hannu a tebur. Ka sake awon wata rana daban. In ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ka ga likita, abin da ya ba ka kuma ka riƙe, ko da kana jin za ka iya ɗaga buhun gero. Ka sa a duba maka suga tun da ka je.

Ina jiran hoton lambar awon a wayar Auta kafin Juma'a mai zuwa. In ban gani ba zan kira maiɗakinka, ita na san za ta raka ka.

Hajiyarku tana gaishe ku, ta ce a turo mata yaran in an yi hutu, gidan ya yi shiru. Ka shafa mini kan mai sunana.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinka.