Rahoton Ayyukan Shekara: Bin Sawun Matafiya a Kwarin Binuwai

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, malamanmu da sauran 'yan'uwa membobi.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamitin zartarwa aiki guda, wato mu tattara tarihin kogin Binuwai a matsayinsa na hanyar matafiya, daga Garwa ta ƙasar Kamaru zuwa Lakwaja inda ya haɗu da Kwara. Ga abin da Allah Ya nufe mu da yi.

Mun fara da zaman karatu na wata-wata. A nan muka bi rubuce-rubucen Turawa: zuwan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, gaɓar kogin a 1851 daidai mahaɗarsa da kogin Faro, da yadda Lamiɗo Lawal ya sallame shi daga Yola bayan 'yan kwanaki saboda ta hannun Barno ya zo. Muka karanta tafiyar Dokta Baikie ta 1854 cikin jirgi mai tururi, wadda aka yi ta shan kwinin har aka dawo zazzaɓi bai kashe Bature ko ɗaya ba. Sai kamfanin Royal Niger da ya samu izinin mulki a 1886 ya mai da Ibi babbar tasharsa a kan Binuwai, da kuma jiragen da suka kai sojojin da suka ci Yola a 1901, zamanin Lamiɗo Zubairu.

Duk wannan yana cikin littattafai, kuma ba zai ɓace ba. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne ɓangaren da ba a rubuta ba. Baturen da ya shigo da jirgi tsawon kogin ya gani, shi ma na 'yan watannin cikar ruwa kawai. Su kuwa fatake ƙetare shi suke yi. Ayari ya taso daga Kano ko Bauchi da tufafi da kanwa, ya sauka a zango a bakin ruwa, madugu ya shiga ciniki da masu fito kafin a haye zuwa Wukari ko Adamawa neman hauren giwa. Gishirin Awe da Keana ma ta nan yake bazuwa. Barth kansa da kwale-kwalen mutanen wurin ya haye. Kuma dole mu faɗi gaskiya, ta waɗannan mashigai aka riƙa wucewa da bayin da aka kamo daga Adamawa. Membobi sun yi muhawara mai zafi a kan ko a sa wannan cikin baje kolinmu, kuma matsayar kwamiti ita ce a sa shi, ba tare da rufa-rufa ba.

Saboda haka yawancin ƙarfinmu bana ya tafi ne wajen ɗaukar muryoyin tsofaffin matuƙa da masunta. A Ibi, inda al'adar fito ta daɗe har motoci ake ɗorawa a jirgi a haye da su, wani dattijo ya ɗauki tawagarmu cikin kwale-kwalensa da hantsi. Bai yi doguwar magana ba. Sai ya nuna mana inda fuskar ruwa ta yi ƙananan yamutsi, ya ce yashi ne a ƙasa, ya zura gwangwala ta tsaya iya gwiwa. Taku kaɗan gaba, inda ruwan ya yi duhu ya kwanta, gwangwalar ta nutse gaba ɗaya. Ya ce hanyar bara ba ita ce ta bana ba, kowace damina kogi sabuwa yake yankewa, kuma wanda ya haddace ta jiya bai sake dubawa ba shi ne jirginsa ke kafewa. 'Ya'yansa duk sun koma tuƙin mota da babur. Wannan ilimi a ƙirjin irinsa kaɗai yake, shi ya sa muke gaggawa.

Mun kuma je Numan, inda Gongola ke zubowa cikin Binuwai, da Lakwaja, inda ɗalibanmu suka hau dutsen Patti suka ga mahaɗar kogunan biyu da idonsu.

A taron bitar da muka yi wa malaman makarantun sakandare, tambayar da ta fi yawa ita ce me ya kashe hanyar. Amsarmu ita ce abubuwa ne suka taru. Gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi da aka buɗe a 1932 ta janye kaya zuwa Fatakwal. Titunan mota suka biyo baya. Dama can manyan jirage ba sa kaiwa Garwa sai a tsakiyar damina, su sauke gishiri da siminti da mai, su ɗebi auduga da gyaɗa su juya kafin ruwa ya janye. Madatsar Lagdo da aka gina a kan kogin a Kamaru, aka kammala a 1982, ta sauya yanayin cikar ruwan, yashi kuma ya ci gaba da taruwa. Yau in an ambaci Binuwai a labarai, ambaliyar 2012 da ta 2022 ake tunawa, abin da ke ba mu takaici ga kogin da ya kai kimanin kilomita 1,400 yana haɗa al'ummai.

Ziyarar Garwa da muka tsara ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota da takardun ƙetare iyaka, mun ɗage ta zuwa baɗi. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi daban.

Abin da muke roƙo a wannan zama biyu ne. Muna neman membobi masu jin Jukunanci, Bacamanci, Tibanci ko Fulatanci su taimaka wajen rubuta hirarrakin da muka ɗauka, domin da yawansu ba da Hausa aka yi su ba. Sannan duk wanda ke da dattijo a gida da ya taɓa yin fito ko aiki a jiragen kamfani, ya sanar da sakatare kafin ruwa ya sauka, mu je mu same shi.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa