Wasiƙa ga 'yata kan maganin da take son ajiyewa

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan jiki yana sauƙi, mahaifiyarki ta shaida mini cewa kin gaji da firednisolon ɗin da kike sha wata shida ke nan saboda ciwon gaɓoɓi, har kina shirin ajiye shi. Ina roƙonki kada ki yi haka sai da sanin likitanki.

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ake kira adirinal, wadda ke samar da kotisol, sinadarin da ke hana jini da sukari faɗuwa, musamman idan zazzaɓi ko rauni ya sami mutum. Wanda ya daɗe yana shan irin maganinki, wanda ke aiki irin na kotisol, jikinsa yakan saba da samun sinadarin daga waje, sai fituwitari, wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta daina aika wa adirinal umarni, adirinal kuma ta kwanta. In aka yanke maganin farat ɗaya, ba ta farkawa nan take. Wannan ita ce hanyar da ta fi kai mutane ga ƙarancin kotisol, shi ya sa ake rage maganin sannu a hankali.

Lalacewar adirinal ɗin kanta, cutar da Thomas Addison ya bayyana a Landan a 1855, ba ta da yawa: a Turai mutum 100 zuwa 140 ne cikin miliyan ɗaya. A can garkuwar jiki ce kan juyo ta cinye adirinal ɗin, a ƙasashe masu tasowa kuwa tarin fuka yana gaba-gaba. Masu ita sukan yi duhun fata da kwaɗayin gishiri, alamun da ba a cika gani ga masu shan magani ba.

Binciken da ke nuna ko adirinal tana aiki ba shi da wuya. Ana ɗibar jini wajen ƙarfe 8 na safe, lokacin da kotisol ya fi yawa, kuma likita zai faɗa miki yaushe za ki sha ƙwayar ranar, domin tana rikita sakamakon. Idan akwai shakka, sai a yi allurar Synacthen, wadda ke zaburar da adirinal ta fitar da kotisol, a sake aunawa bayan minti 30 ko 60.

Na san halinki na haƙuri da ciwo. Amma ranar da amai ya hana maganin zama a cikinki, ko jiri ya hana ki tsayuwa, ki tafi asibiti a daren, kada ki jira wayewar gari.

Mahaifinki.